Shekarar da Aka Ambaci Rumbunmu a Magarya

Abin da zan faɗa yanzu kun sha jinsa a bakin mutane, amma ba ku taɓa jinsa a bakina ba. Ni ban yi lakwal ba, wato boko, allo ma ban yi nisa ba, shi ya sa na zaunar da jikata Hadiza tana rubutawa. Na ce mata kada ta gyara mini magana, in kuma ta ga na yi shiru ta jira, kuka ne, zai wuce. Tun da babanku ya rasu hawaye ba sa neman izinina. Ina so ku san dalilin da ya sa ya tsaya bayan mutumin da ya kunyata shi, don na ji har jikokina ana faɗa musu wai sayensa aka yi, wasu kuma su ce ba shi da zuciya. Duk biyun ba haka ba ne.

Sai na fara da rumbu, don ku da kuka saba da sayen hatsi a buhu ba za ku gane ba. A ƙauyukanmu na ƙasar Yekuwa mace ba ta leƙa rumbun mijinta. Rumbunan suna can bayan gari a jere. Mai gida ne yake zuwa da safe, ya hau, ya ɗaga murfin, ya fiddo dami ya kawo ya ajiye a bakin turmi. Mace ta sussuke, ta sheƙe, ta daka. Abin da ya rage a ciki, da yawa ne ko kaɗan, tsakaninsa da Allah ne. Ba ta tambaya, shi kuma ba ya faɗa. Haka na tarar da uwata tana yi, haka na yi da babanku tun ranar da aka kawo ni.

A shekarar yunwar nan da aka yi kuna ƙanana, ruwa ya ɗauke, gero yana cikin fidda kai. Kafin bazara gidaje da yawa sun koma ga cin ganyen tafasa da jiga, maza sun watse sun tsallaka Najeriya neman abin da za su aiko. A gidanmu turmi bai daina ƙara ba. Ba a ƙoshi, amma ana ɗora tukunya. A lokacin akwai wani saurayi, Laminu, malamin gona da gwamnati ta turo mana, ɗan wajen Bande. Ba shi da kowa a garin, babanku ya ba shi ɗakin zaure. Tuwona yake ci, yana ce wa babanku Baba, ni kuma Inna. Yaro ne mai fara'a, mai yawan magana, in ya fara labari sai tuwonsa ya huce.

Wata safiya babanku ya ajiye mini dami, ina kwancewa na ga ba namu ba ne. Geron gonarmu mai dogon kai ne siriri, wannan gajere ne mai kauri. Babanku da kaba yake ɗaure daminsa, ƙulli biyu ta gefe, wannan kuwa da igiyar rama aka ɗaure shi. Na tuna jiya duk matan gari mun tafi suna a wani ƙauye, na tuna kuma Laminu ya ari amalanken shanu ya ce zai ɗauko kayan aiki daga kasuwa. Na gane rumbunmu ya ƙare, na gane wanda ya zuba. Na kwance igiyar na jefa a murhu don kada wata ta gani, na sussuke geron. Har ruwa ya sauka aka yi sabon hatsi irin damin nan yake zuwa. Babanku yana ajiyewa ya ce ga na yau, ni kuma in ce Allah ya ƙara buɗi. Ban nuna masa na sani ba.

Shekaru suka wuce. Laminu ya bar aikin gona ya shiga siyasa, har ya zama depite, wato ɗan majalisa. Babanku ya bi partinsa, wato jam'iyyarsa, tun ranar farko, ba don ya san abin da partin yake cewa ba, don Laminu yana ciki. Shi ne yake tara mutane in za a yi zaɓe, daga baya aka sa shi cikin delege na ƙasarmu, wato waɗanda ake kira in za a zaɓi shugabanni. A shekarar da nake ba ku labari shugaban partin na yankinmu ya tsufa ya ajiye, mutum biyu suka fito neman kujerar. Laminu, da wani ɗan kasuwa na Dungas, Alhaji Mati, mai manyan motocin ɗaukar kaya. Delege ne za su zaɓa, amma kowane ɗan takara yana son a ga taronsa ya fi na ɗan'uwansa. Laminu ya kira babban mitin a Magarya bayan an gama girbi.

Aka aiko mana da zannuwa masu hotonsa, aka aiko da babbar mota. Na tafi tare da matan garinmu, ina kusa da Gambo, matar ƙanen babanku, abokiyar wasana. An kafa rumfuna, ma'aikata da manyan 'yan kasuwa suna gaba a kan kujeru, delege suna gefe, mu mata muna baya a rana. Laminu ya karɓi mikoro, abin ɗaga murya. Gaskiya ya iya magana. Ya yi maganar rijiyoyin da suka kafe, da taki da ba ya zuwa sai an gama noma, da samarinmu da suke tafiya arewa ba a sake jin labarinsu. Ya ce akwai masu sanin talaka ta gilashin mota, kowa ya gane Alhaji Mati yake nufi, aka yi dariya. Daga nan sai ya waiwaya wajen delege ya kira sunan babanku, sunan da ni ban taɓa kamawa da bakina ba, ya haɗa da sunan garinmu, ya ce ya miƙe jama'a su gan shi. Babanku ya miƙe. Ni na fara rangaɗa guɗa, matan garinmu suka amsa.

Laminu ya ce:

“Kun ga dattijon nan? Ubana ne. A shekarar yunwa rumbunsa ya ƙare ƙaf, ko zangarniya ɗaya babu. Na same shi a bayan gari yana hawaye, ya ce bai san abin da zai gaya wa iyalinsa ba. Da ɗan albashina na sayo damma na zuba masa a ɓoye, har damina ta faɗi matarsa ba ta sani ba. Wanda ya yi wannan yana saurayi ba shi da komai, shi za a koya wa tausayin talaka?”

Filin ya ɗauka da tafi. Na ga wata malamar lakwal a gaba tana share ido da gefen gyalenta. Maroƙa suka cafe, suna kiransa mai cika rumbun da ya ƙare. Samari suna tsalle suna ɗaga wayoyinsu. Amma a gefen delege, tsofaffin ƙauye babu wanda ya tafa, duk sun sunkuyar da kai suna kallon takalmansu. Babanku yana tsaye, don ba a ce masa ya zauna ba. Ya kai hannu ya gyara hularsa, wadda ba ta karkace ba. Gambo ta kama hannuna ta matse. A hanyar komawa gida matan da suka zo suna waƙa suka koma shiru, sai ƙarar mota.

Daga nan maganar ta rabu gida-gida. Radiyo ta maimaita jawabin, yara suna tura shi daga waya zuwa waya, ko'ina ka wuce sai ka ji muryar Laminu tana cewa ko zangarniya ɗaya babu. Mutanen birni sun yaba. Ƙanena da yake aiki a Magarya ya zo takanas ya ce bai taɓa jin ɗan siyasa ya yi magana mai ratsa zuciya haka ba, ya ce ai daraja ce a kira sunan mutum a gaban dubban jama'a. Danginmu na tsallaken iyaka suka bugo suna yi mana barka, wai mun yi suna. A ƙauyuka kuwa kalma ɗaya ake faɗa, gori. Tsofaffi suka ce alherin da aka faɗa a mikoro ya tashi daga alheri. Mutanen Alhaji Mati suka samu abin yawo da shi, suna bin kasuwanni suna cewa duk wanda ya taɓa shan ruwa a gidan Laminu ya shirya jin sunansa a fili. Har abin ya zama wasa, in mutum ya ara wa maƙwabcinsa fartanya sai wancan ya ce to, amma don Allah kada a kai ni Magarya. Na san maza da yawa da Laminu ya taɓa taimaka wa, da kuɗin magani ko na suna, a kwanakin nan barcinsu bai yi daɗi ba.

A bakin rijiya Gambo ta yi ƙoƙarin mayar da abin raha. Ta ce ashe tuwon depite na ci na yi wannan ƙiba, ita da ta ci na talaka ga ta nan kamar kara. Aka yi dariya, ni ma na yi. Sai maƙwabciyarmu Uwani, wadda ta binne ɗanta na goye a shekarar yunwar, ta ajiye gugarta ta dube ni.

“Muna jin dakanku ta katanga muna cewa gonarku ce Allah ya tsare. Da mun san na taimako ne, da mu ma mun je zauren mun faɗa wa Laminu.”

Nakan aika mata da fura a lokacin, amma ba kullum ba. Na ɗauki tuluna na tafi.

Duk wannan na waje ne. Abin da ya fi damuna yana cikin gida. Washegarin mitin babanku bai kawo dami ba, ya aiki babban yayanku ya hau rumbun. Ya daina shigowa cin abinci, sai a kai masa zaure, kwanon ya dawo da rabi. In muka haɗu a tsakar gida yakan dubi wani wuri. Ya iya jure kasuwa da masallaci, ana yi masa kallon tausayi yana gaisawa da kowa kamar da. Ni ce bai iya haɗa ido da ni ba.

Babban yayanku lokacin jininsa yana tafasa. Ya ce shekarar ta yi kyau, rumbu cike yake, zai loda amalanke da damma ya kai ƙofar gidan Laminu a Magarya ya zube da rana tsaka, kowa ya gani an biya. Babansa ya hana. Ya ce Laminu bai ba shi rance ba, in ya mayar ya zama ya ƙaryata abin da aka yi masa. Sannan mutanen Alhaji Mati suka zo, suka sami babanku a zaure, suka zauna da goronsu. Ina jin su ta bayan zana. Suka ce ba sa neman ya yi magana, ya dai tsaya a layinsu ranar kongre, wato ranar zaɓen shugaban, don in mutumin da aka tona wa asiri ya juya baya, duk delege na ƙauyuka za su bi shi. Suka ce haka ne kawai zai wanke sunansa. Ya bar su suka gama, sannan ya tambaye su.

“Abin da ya faɗa, akwai ƙarya a ciki?”

Suka ce ba maganar ƙarya ake ba, maganar mutunci ake.

“'Ya'yana huɗu ne a lokacin, duka huɗun suna raye. Bakinsa ya yi mini laifi, wannan tsakanina da shi ne. Ku gaishe da Alhaji.”

Na ji wannan amsa na san ya yanke abin da zai yi a waje. Saura na cikin gida, shi kuma na ga in ban taɓa shi ba haka za mu ƙare. Da yayanku ya sake kawo dami ya ajiye a bakin turmi, na bar shi a wurin ban kwance ba. Na dafa wake muka ci. Washegari ya kawo wani, na bar shi kusa da na farko. Kaji suka fara tsattsaga. Da hantsi babanku ya shigo, ya dubi damman, ya tambaye ni ko ba ni da lafiya ne. Na ce lafiyata lau, amma tun da aka kawo ni gidan nan hannu ɗaya na sani yana ajiye mini dami, ban kuma ji an ce mai hannun ya rasu ba. Sannan ya ce in taso in bi shi. Muka fita bayan gari, ya hau, ya ɗaga murfin rumbun ya riƙe.

“Zo ki leƙa. Duniya duka ta leƙa, ke kaɗai kika rage.”

Na ce ban leƙa ina yarinya ba, ba zan fara da furfura ba. Na ce masu leƙawa su yi ta leƙawa, ni abin da ya fito nake dakawa. Ya sauke murfin a hankali. Bai juyo ba ya yi mini tambayar da na san tana cinsa tun daga Magarya.

“A lokacin nan, kin sani?”

“Ina zan sani, Malam? Kullum kana kawowa.”

Wannan ita ce ƙaryar da na yi wa babanku a zamanmu, ban kuma ɗauke ta laifi ba. Laminu ya ƙwace masa rufin asirinsa a gaban jama'a. Abu ɗaya ya rage masa, cewa a shekarar nan ya tsare iyalinsa daga tsoro, matarsa ta yi barci ba ta san rumbu wayam yake ba. Da na ce na sani, da na karɓe masa wannan ma. Ya ɗaga murfin kuma, ya fiddo dami ya saɓa a kafaɗa, muka dawo gida yana gaba ina baya. Ran nan a tsakar gida ya ci abinci.

Ranar kongre ba da takarda suka yi zaɓen ba, layi aka ja a bayan kowane ɗan takara, kowa yana ganin kowa. Waɗanda suka je sun ce da babanku ya shigo, idon mutane duk yana kansa. Ya wuce ya tsaya a layin Laminu. Wasu tsofaffin ƙauye da suka riga suka nufi wajen Alhaji Mati suka tsaya suna duban juna, kaɗan suka dawo, da yawa ba su dawo ba. Laminu ya ci, amma da ƙyar, shi da ake cewa zai share fage. Daga ranar aka fara cewa an sayi babanku. Ban ga abin da aka saye shi da shi ba, da rigar da ya tafi da ita ya dawo.

Bayan kwanaki Laminu ya zo godiya da motoci. Ya shigo har cikin gida ya durƙusa ya gaishe ni da Inna kamar da. Na lura da fuskarsa sosai, ban ga alamar ya san ya yi wani abu ba. Ya daɗe a birni, a wurinsa labari ne mai daɗi da ya ajiye don ranar da zai yi amfani. Ya ce wa babanku, Baba, ka ga yadda na ɗaga sunanka, har Damagaram ana maganarka. Babanku ya ce:

“Ka ɗaga. Allah ya yi maka albarka. Amma kada ka sake yi wa wani.”

Laminu ya yi dariya, ina jin ya ɗauka tawali'u ne irin na tsofaffi. A wannan zaman babanku ya ce masa a nemi wani delege, shi ƙafarsa ta gaji. Bai sake zuwa mitin ba. Bai sake taka Magarya ba, shi da ba ya fashin kasuwarta, ko da ciwonsa ya yi tsanani aka ce a kai shi likita can, ya ce a kai shi Dungas. Abokansa na siyasa suka ja jiki, na Laminu suna ganin ya yi fushi, na Alhaji Mati suna ganin ya hana su nasara. Zaurenmu da yake cika da yamma ya koma shi da ƙanensa. Ba zan ce jawabin nan ne ya kashe shi ba, ciwon ƙirji ne, kwanansa kuma ya ƙare. Amma na san mutumin da ya hau motar zuwa Magarya, na san wanda ya dawo. Hadiza, dakata kaɗan.

To, rubuta. Har safiyar da ya kwanta bai sake tashi ba, shi yake kawo mini dami da hannunsa, ko da ya zama sai ya huta a hanya. Laminu ya zo ta'aziyya, ya yi kuka na gaske, na kuma karɓi gaisuwarsa, don 'ya'yana huɗu suna zaune a wurin da ransu. In kun haɗu da shi ku gaishe shi. In wani ya ce muku an sayi babanku, ku ce ya zo ya same ni tun ina da sauran numfashi.

Da aka zo rabon gado, liman da dattawa suka tafi bayan gari don a ga abin da ya bari. Babban yayanku ya dawo ya ce Inna, ki zo ki gani da idonki, kina da rabo a ciki. Na ce su duba su faɗa wa juna. Ya ce ai yanzu babu wanda zai ji kunya. Na ce masa rumbun babansa ne, in ya ga akwai abin dakawa ya ɗauko ya ajiye mini a bakin turmi.